Iyakar Ƙauyen Mama Doris

Har yau ba na son jin jiniya. Jiya ina wanke-wanke a falat ɗin Tanti Rabi motar asibiti ta wuce ta ƙarƙashin tagarmu, ban san lokacin da kofi ya suɓuce mini ba. Tanti ta dubi fasassun, ta dube ni, ta ce tunda hannun nan ya ƙi daina rawa, in ba shi biro ya yi rawarsa a kan takarda, ko kofunanta sa huta. Dalilin wannan rubutu ke nan. Sunana Zulai, daga wani ƙauye a ƙasar Ƙaraye. Na gama sakandare, ina jin Turanci daidai gwargwado, da shi kuma na dogara na zo Dubai.

Karama

Mutumin da ya yi mini hanya cewa ya yi shagon abaya zan tsaya, in riƙa yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Wanda ya tarye ni a filin jirgi kuwa bai taɓa jin zancen wani shago ba. Ya karɓi fasfona wai za a buga biza, ya kai ni wani ɗaki a unguwar Karama, a saman shagon ɗinki. Ciki 'yan mata ne a kan gadaje masu hawa biyu, 'yan Uganda da 'yan Habasha, sai wata 'yar Gana, Mariyama, mai jin Hausa.

Da na ce mata ni shago zan tsaya, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Shago? 'Yar'uwa, duk wadda kika gani a nan shago aka ce mata. Waccan ma banki aka ce mata. Aikin gida ne. Ki dai roƙi Allah ya haɗa ki da madam mai tausayi."

Na yi kuka, ta bar ni na yi mai isata. Daga nan ta zaunar da ni ta ce akwai lambar wayar wata mata, Tanti Rabi, da za ta koya mini, kuma ba a waya zan ajiye ba, ba a takarda ba, don duka biyun ƙwacewa ake yi. A ka. Ta dinga faɗa ina maimaitawa kamar karatun allo, in na yi kuskure ta mintsine ni a cinya.

"Zafin ne zai sa ki tuna," in ji ta.

Gidan farko

Ba zan faɗi unguwar ba, ba kuma zan daɗe a nan ba, don ko yanzu da nake rubutawa bayana yana ɗaurewa. An karɓe wayata kamar yadda Mariyama ta faɗa. Aikin ba shi ne matsala ba, na saba aiki tun ina ƙarama. Matsalar ita ce sandar goge ƙasa. Madam ɗin ba ta magana sau biyu. In shayi ya huce, sanda. In yaro ya faɗi, sanda. Har ta kai ko tsintsiya wani ya ɗaga a kusa da ni sai in tsinci hannuwana sun rufe kaina.

Wata rana da azahar, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, aka ba ni shara in kai waje. Na ajiye ta a bola, ƙafafuna suka ci gaba da tafiya. Wallahi ban shirya ba. Silifas ne a ƙafata, kwalta tana cin tafin ƙafar ta cikinsa. Na shiga wani ɗan kanti don in sha sanyin na'ura. Mai kantin, wani dattijo ɗan Bangaladesh, ya dubi kumburin da ke hannuna. Ya miƙo mini ruwan gora, ya turo wayarsa a kan kanta, ya juya baya yana jera biskit ɗin da ke jere tun da.

Lambar ta zo bakina gaba ɗayanta, babu ko tuntuɓe.

International City

Tanti Rabi mutuniyar Maraɗi ce. Tana saro kaya a babbar kasuwar 'yan Sin da ke kusa da gidanta tana turawa kago zuwa Yamai da Kano. Falat ɗinta cike yake da kwalaye har kusa da rufi, a tsakaninsu ta shimfiɗa mini katifa. Ta dama mini fura da nonon roba, ta shafa mini man zafi, sannan ta gaya mini inda nake tsaye.

"Bon. Saurara, ɗiyata. Madam ɗinki ta riga ta kai sunanki wurin 'yan sanda. Yanzu a cikin na'urarsu ke 'yar gudu ce. Duk ɗan sandan da ya ce ki ba shi katin shaida, khalas, shi ke nan, sai ɗakin tsaro, sai jirgi, kuma ba ki ƙara dawowa ƙasar ga. Kin jiya?"

Na ce na ji.

"In kin ga motarsu kada ki ruga. Tahi a hankali kamar mai zuwa sayen tumatir."

Haka na zauna. Ba na fita sai dole. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai in shige bayan kwalaye. Barci ba ya zama a idona, in kwanta in tashi, in leƙa taga in ga jerin benaye iri ɗaya, babu bishiyar da na sani, babu zakara. Da na kira gida da wayar Tanti, Baba ya tambaye ni ya shago, na ce shago lafiya. Mene ne zan ce? Shi da ya sayar da bijimin nomansa saboda tafiyar nan, ƙannena kuma suna jiran a mayar da su makaranta. Komawa hannu biyu ita ce abin da na fi tsoro, har fiye da sandar.

Gidan Mama Doris

Wata 'yar Kano ma'aikaciyar jinya da ke sayen turare wurin Tanti ita ta kawo labarin. Wani Bature injiniya, Mista Kolin, yana neman mai jin Turanci ta kular masa da uwarsa. Tsohuwar ta fara rikicewa, shi ya sa ya ɗauko ta daga Ingila ya kawo ta wurinsa, kuma duk mai aikin da aka kawo ba ta daɗewa.

Ya tambaye ni takarduna. Na ce suna wurin ejan, wato dillalin aiki, ana gyarawa, kamar yadda Tanti ta koya mini. Ya dube ni, ya dubi uwarsa da ke can tana ƙoƙarin buɗe ƙofar gida da cokalin shayi. Bai ƙara tambaya ba.

Mama Doris 'yar ƙaramar tsohuwa ce, gashinta fari tas kamar auduga, idonta kalar sararin sama. Wani lokaci ta san a Dubai take, wani lokaci ta tambaye ni ko an tatsi shanu. Na fara sakin jiki da ita. Sai ga wata la'asar ina ninke kaya, na ɗaga kai na gan ta tana nufo ni da sandar gora da ta zaro daga tukunyar fulawa, ta ɗaga ta sama, tana cewa, "Zo nan, yarinya!"

Ban san yadda na isa banɗaki ba. Na kulle, na durƙusa a bayan ƙofa, hannu a ka, ina jiran bugu. Na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Amma ba ƙofar ake duka ba, daga waje ƙarar take zuwa. Na taka bokiti na leƙa ta ƙaramar taga, sai na gan ta a lambu tana dukan kusurwar katanga, tana magana ita kaɗai.

Washegari na tattara duk wani abu mai kama da sanda a gidan, lema da tsintsiya da gorar fulawa, na tura su bayan firji. Tsohuwa ta yi ta nema. Ta ƙi cin abinci, ta zauna a bakin ƙofar lambu tana hawaye tana cewa za a cinye musu ƙasa. Da Mista Kolin ya dawo aiki ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa. Ya zauna a kan kujera ya rufe fuska, na ɗauka fushi ne, ashe dariya yake yi mai haɗe da wani abu.

"Zulai, ba ke za ta doka ba. Iyaka take duka."

Ga yadda ya bayyana mini. A ƙasarsu kowace tsohuwar coci tana da ƙasarta, kamar yadda kowane dagaci yake da tasa a wurinmu: gonaki, da rafi, da mutanen da a nan za a yi musu suna, a ɗaura musu aure, a binne su. Tun zamanin da babu taswira, sau ɗaya a shekara, idan sanyi ya wuce, limamin coci da dattawa da yara sukan fito da tsumagu su zagaye ƙasar gaba ɗaya a ƙafa. Duk inda aka iso alamar iyaka, dutse ne ko bishiya, sai yara su yi ta dukanta. Wani lokaci ma a ɗaga yaro a ɗan buga shi a kan dutsen, don ko ya tsufa ba zai manta wurin ba.

"Ni ma an buga ni," in ji shi, yana shafa ƙugu. "Har yau na san dutsen."

Na tuna mintsinin Mariyama. Na je bayan firji na ɗauko gorar.

Daga ranar kullum da la'asar sakaliya muke fita zagaye, ni da ita. Lambun bai fi tsakar gidanmu girma ba, amma a idonta ƙasar ƙauyensu ce cif. Kuma zagayen yana da ƙa'ida, ba ta yarda a saɓa. Daga ƙofar coci ake farawa, wato ƙofar kicin. A gangara wurin ruwa tukuna, wato famfon ban-ruwa. Sannan a bi iyaka, gari yana hannun dama. "Kamar kin riƙe hannun yaro," haka take cewa, "ba a sakinsa."

A kowace kusurwa akwai labari. Kusurwar farko dutsen niƙa ne na tsohon injin da ruwa ke juyawa. Iyalin da ke da shi sun yi ƙaura zuwa Ostireliya tun tana budurwa, babu wanda ya dawo ko da ziyara. Ta biyu wata tsohuwar bishiya ce da tsawa ta raba biyu, a gindinta ma'aikatan gona suke cin abincin rana. Da motocin noma suka zo, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin gayya guda, sai suka watse birane ɗaya bayan ɗaya. Kusurwa ta uku ita ta fi tsayawa a kai. Wani fili ne mai tudu-tudu, tumaki suna kiwo. Ta ce a nan ainihin garin yake a zamanin da, annoba ta shigo ta share shi, waɗanda suka tsira suka hau tudu kusa da coci suka sake gini. Tudun nan da ake gani gidajen mutane ne ciyawa ta rufe.

"Ki doka da kyau," takan ce. "Suna ji."

Ta ce da tana yarinya garin yana da makaranta, da maƙeri, da kanti, da gidan waya. An rufe makarantar lokacin da yaran garin duka suka zama mota ɗaya tana kwashe su. Kanti ya koma gidan kwana. Gidajen ma'aikatan gona mutanen birni suka saye, ba sa zuwa sai ƙarshen mako, sauran kwanaki tagogi duhu. Limami ɗaya ake rabawa da ƙauyukan maƙwabta. Ƙararrawar coci kuwa mijinta ne yake kaɗa ta, tun da ya rasu ba ta ƙara jin ta ba.

"Na ƙasa sun fi na sama yawa, yarinya. Mu ba ma ƙaruwa. Kullum ragewa ake yi." Sai ta juyo. "Ku fa? Ku nawa ne a naku?"

"Mu kullum suna ake yi, Mama. Sai dai duk wanda ya tasa tafiya yake yi. Kano, Abuja, Libiya."

"Wa yake dukan iyaka?"

"Ba ma yi."

Ta girgiza kai kamar na ce mata ba ma wanka.

A gidan nan na fara barci. Na fara aika wa Baba ɗan abin da ya samu. Sai dai ko kantin unguwa ba na zuwa, in motar 'yan sanda ta gifta ta bakin get ina tsugunawa a bayan fulawa. Mama Doris ta ɗauka wasa ne, ita ma sai ta sunkuya tana dariya.

Hatta

Da zafi ya fara shigowa tsohuwa ta ƙara rikicewa. Kullum tana bakin get tana cewa lokaci ya yi, za a tafi a bar ta. Mista Kolin ya ce bari ya kai ta inda za ta ga duwatsu da kore ko hankalinta ya kwanta. Ya kama wani gidan gona a Hatta na ƙarshen mako. Ban so zuwa ba, hanya ce mai nisa kuma kusa da iyakar Oman, amma wane dalili zan ba shi? Duk tafiyar ina maƙure a kujerar baya, na ja mayafi har hanci.

Garin yana cikin duwatsu baƙaƙe, ga gonakin dabino, ga ruwa yana bin ƙananan magudanai na siminti. Kusa da masaukinmu akwai wani ɗan masallaci mai farar hasumiya. Mama Doris ta tsaya ta ƙura masa ido.

"Sun yi wa hasumiyar fenti," ta ce. "Wa ya ba su izini?"

Muka yi dariya, ni da ɗanta.

Da safe Mista Kolin ya hau keke ya shiga duwatsu kafin rana ta yi zafi. Na ba ta shayi da magungunanta, na kulle babbar ƙofa, na shiga wanka. Ban san akwai wata ƙaramar ƙofa ta baya da mai ban-ruwa yake buɗewa ba. Na fito na tarar da kofin shayi a kan tebur, kujera babu kowa.

Na duba ɗakuna, na duba ƙarƙashin gado kamar mahaukaciya. Na fita titi da gudu, na yi dama, na dawo na yi hagu, ina kiran sunanta. Babu kowa sai awaki. Rana ta riga ta ɗaga, iskar kamar daga bakin tanda. Na kira Mista Kolin da wayar da ya ba ni, ba ta shiga. Na sake kira, na sake. Na dawo gidan ina haki, na tsaya a bakin ƙaramar ƙofar ban san inda zan nufa ba. A nan idona ya faɗa kan tarin rassan dabino da aka sassare aka jingine. An zare ɗaya, sauran sun zube.

Sai na ji muryarta a kaina: wa ya ba su izini?

Ashe masallacin ta ɗauka cocinsu ne. Na ruga ƙofarsa. Na tsaya na juya mata baya, na nemi inda ƙasa ta gangara. Ga wata siririyar hanya tana sauka zuwa magudanar ruwa. Na bi. A bakin ruwan na sa gidajen garin a hannun dama, na ci gaba. Ban yi nisa ba na ga wani farin dutse a kusurwar gona, ganyen dabino sabo a warwatse a gindinsa. An doke shi. Gaba kaɗan, wata bishiya, ga takalminta ƙafa ɗaya.

A bayan wata katangar duwatsu na same ta, a zaune a ƙasa, ta jingina. Fuskarta ja wur, babu gumi ko ɗis, goshinta ya fashe jini yana bin gefen ido. Reshen yana hannunta.

"Kin makara," ta ce, da ƙyar. "Sauran sun wuce."

Wani tsohon Balarabe mai farin gemu, da zani ɗaure a ƙugu, ya fito daga cikin dabino jin ihuna. Ya kwance rawaninsa ya tsoma a magudana ya miƙo mini, ya tsaya ya tare mana rana da jikinsa. Na kira motar asibiti, na miƙa masa wayar ya yi musu kwatance da Larabci. Da ya matso zai taimaka mini in gyara mata zama sai ta ƙwalla ƙara ta kai masa duka. Ta damƙe wuyan hannuna.

Sai a lokacin na tuna. Inda motar asibiti ta je, 'yan sanda suna biye.

Na kira Tanti Rabi na gaya mata.

"Mi? Kin kira su? To madalla, kin yi naki. Yanzu tashi ki tahi."

"Tanti, ta riƙe ni."

"Ɓamɓare hannun! Ga tsoho nan, ga likita na zuwa, ɗanta na da kuɗi. Ke mi gare ki? Hau titi ki nemi bas, ni ina tarbonki. Zulai! Ki tuna babanki."

Na tuna shi. Wallahi na tuna shi, har bijimin na gani a idona. Na fara zare yatsunta ɗaya-ɗaya daga hannuna. Amma jinin goshin ya ƙi tsayawa, ya jiƙe rawanin, ni kuma na san dalili: cikin magungunan da na ba ta da hannuna da safen nan akwai mai tsinka jini. Tsohon nan bai sani ba, ba ni da Larabcin gaya masa. Ita ba za ta iya faɗa ba. Ɗanta yana can cikin duwatsu. In suka zo suka tarar da tsohuwar da ba ta san sunan ƙasar da take ba tana dukan duk wanda ya taɓa ta, wa zai gaya musu?

Tanti tana ta magana a wayar. Na kashe. Na mayar da hannuna cikin nata.

"Ina muka tsaya?" ta tambaye ni.

"A bishiyar da tsawa ta raba, Mama."

"Saura filin."

"Saura filin."

Na ji jiniyar tun daga nesa tana zagayo duwatsu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan jiran ba, har fitsari ya kusa kufce mini. Suka zo, na gaya musu sunayen magungunan, na riƙe ta suka ɗaura mata ruwa, na yi ta yi mata magana har aka ɗora ta a gado. Da suka rufe ƙofar motar na juya, ga ɗan sanda a tsaye, saurayi ne, da ladabinsa. Ya yi mini sannu. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi katina.

Na ce ba ni da shi.

Bayan nan

Ba wanda ya doke ni a inda aka tsare ni, gaskiya ɗaya ce. An ba ni abinci, an ba ni abin salla. Amma duk ƙarar mukulli sai na miƙe tsaye. Na nuna musu tabon hannuna, suka rubuta, aka aika aka karɓo fasfona daga gidan farko. Mista Kolin ya zo, shi ma an ci shi tara saboda ni. Na kasa haɗa ido da shi. Ya ce likita ya gaya masa da ba a san zancen maganin da wuri ba, da wani labarin ake yi. Ya yi ta shiga ofis yana fita ko za a bar ni in zauna a hannunsa, abin bai yiwu ba. Abin da ya samu shi ne a sake ni in jira jirgi a waje, da takardar fita. Ba zan sake shigowa ƙasar nan ba.

Tanti ta tarye ni da faɗa tun daga bakin lif. "Wawuya! Ɗiyar banza mai taurin kai!" Tana faɗa tana share ido da bakin zani, tuwo kuma yana kan wuta.

Shekaranjiya Mista Kolin ya kai ni asibiti in yi mata sallama. Da ta warke zai mayar da ita Ingila, gidan kula da tsofaffi a wani gari kusa da ƙauyensu. Na same ta a kishingiɗe, goshi a naɗe. Ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar gidan wa ce ke?"

Na ce, "Ni ce mai riƙe miki sanda, Mama."

Ta ɗan yi nazari. "Mun gama zagayen?"

"A'a. Saura filin."

"To me kike jira?"

Babu sanda a ɗakin. Na ɗauki cokalin da ke kan tire, na je ƙofa na fara daga nan, na gangara wurin famfon wanke hannu, na bi bango, gadonta yana hannun damana. Na doki kusurwar farko na faɗi sunan masu injin niƙa. Na doki ta biyu. A ta uku na doka da ƙarfi har wata nas ta leƙo. Mista Kolin ya juya yana kallon taga, kafaɗunsa suna motsi. Na dawo ƙofa na tsaya.

Mama Doris ta sauke numfashi. Ta dubi ɗanta ta nuna ni da yatsa.

"Kolin, ka gaya wa limami. Bana an samu ƙarin mutum ɗaya."

Jakata tana nan a ɗaure a tsakanin kwalayen Tanti, ba ta da nauyi. Ɗazu na kira Baba na gaya masa komai, tun daga shagon da babu shi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ke dai ki dawo." Don kada in fashe da kuka sai na tambaye shi inda ƙasar garinmu ta tsaya ta gabas. Ya ce wace irin tambaya ce wannan, ko zafin Dubai ya taɓa ni? Ya ce da dai akwai wata kuka a bayan fadama, amma wanda ya san sauran sai tsoho Malam Ila, shi kuma ƙafa ta ƙi, ba ya fita.

Na ce ya gaishe shi, ya ce masa ina zuwa, kuma a nemo mana aron amalanke mu ɗora shi a ciki. Tsumagiya ni zan yanko da kaina.